Giyar Ranar Alhamis

Rariyar ta sake toshewa. Malam Joel ya bubbuga gefenta, ya dubi agogo. Saura minti arba'in matan Zumunta su tashi daga taro.

Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya a Mubi. Da ya yi ritaya sai ya ƙudurta dafa giya irin ta kwalba da hannunsa, ba burkutu ba, wadda a ganinsa kowace tsohuwa ta iya. Abu biyu suka tsaya masa. Furen nan mai ɗaci da Turawa ke jefawa a tukunyar giya, hof, ba wanda ya taɓa jin sunansa a kasuwa. Sai kuma Margret. Matarsa ce shugabar Zumuntar Mata, shi kuma dattijo ne a ikilisiya, kuma ya san ranar da ta kama shi ita ce ranarsa ta ƙarshe a kujerar gaba.

Ƙanenta Ishiyaku, manomi a Kwaja, shi ya kawo mafita. Ya ja shi gefe ya ce ya taɓa gadi a wani kamfanin giya a kudu, kuma sirrinsu shuwaka ce, hof ɗin a jikin kwali kawai ake rubuta shi. Amma da ƙa'ida. A tsinke ganyen daga kara, a yanka ƙanana, a tafasa a tukunya daban, kada ya kusanci ruwan tsiron dawa. A tace, a matse sau uku, ruwan shi ake zubawa a giya. Ganyen kuwa ba a kai shi bola, don wari na tona asiri. A kwano mai murfi ake ajiye shi bayan rumbu.

Joel ya rubuta duka a littafi, har da zane.

Wata biyar ke nan, duk Alhamis Ishiyaku na kawo damin shuwaka da zarar Margret ta fita. Giyar kan fito koriya, ba kumfa, ba ta bugarwa, tana da ɗacin da ke sa kunne motsi. Joel na shanyewa a tsaye, ya rubuta cewa an samu ci gaba. Bakinsa ya saba har miyar ranar Juma'a ta koma masa kamar an sa mata sukari. Kwanon bayan rumbu kuma kullum wayam yake samunsa. Ya ce awakin unguwar nan masu tarbiyya ne, har murfi suke mayarwa.

Yau ya makara. Ya yar da rariyar, ya juye ganyen cikin tsohuwar singileti, ya murɗa sau ɗaya, zafi na cin yatsunsa. Sai ƙofar gida ta yi ƙara.

Margret ta tsaya a bakin madafa da kayan Zumunta a jikinta. Ta dubi tukwane, ta dubi kwalabe goma sha biyu a jere. Joel ya buɗe baki zai ce maganin shawara ne. Ita kuwa ta miƙa hannu, ta ɗebi ganyen, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Baban Janet, sau uku na ce Ishiyaku ya gaya maka a matse. Miyata ta makon jiya ta yi ɗaci."