Sha Tara Sau Shida

Baba ne ya koya mini lissafi da ƙwallayen dabino a ɗakinmu na unguwar Nakkasa, can ƙasa mai tsarki. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ba amsa na tambaye ka ba, ta ina ka biyo?"

Wata rana Ustaz, malaminmu na lissafi, ya aika Baba ya zo makaranta a kan sha tara sau shida. Ni dai ashirin-ashirin na jera layi shida a raina, na cire ɗaya daga kowane layi, na rubuta ɗari da sha huɗu. Ustaz ya ce satar amsa na yi, tunda ba hanyar littafi na bi ba.

Na zuba wa Baba ido ina jira. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ma'alesh, a yi haƙuri, Ustaz. Ban san inda ya samo wannan ba."

Yanzu na san iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare a lokacin, tsoron kowane ofis yake yi. Na yi masa uzuri tuntuni. Amma a ranar, da muka isa gida, ya zube ƙwallaye a tabarma, ya ce in nuna masa ta inda na biyo. Na ce na manta. Har ya rasu ban sake nuna masa ba.