Fuskar da Suke So

"Ba hoto, ba tallafi, Malama," in ji mai ɗaukar hoto. "Masu bayarwa fuska suke son gani, ta ɗalibar da ba ta da wurin kwana."

Shugabar makarantar ta kasa zama. Ta je taga, ta dawo. Yarinyar da za a ɗauki hotonta tana jikin allo tana murza bakin riga, 'yan ajinsu sun cika ƙofa da leƙe.

"Malama, kowa zai gani?" yarinyar ta tambaya.

Shugabar ta dubi bencin ƙarshe har idonta ya ciko. Ta janyo yarinyar bayanta.

"A bencin can na yi ta kwana ina ɗaliba. Fuska suke so? Tawa za ka ɗauka."