Kwalbar Gwaji

Dillalin ya san man shafawar da kamfanin waje ya aiko masa yana ɗauke da sinadarin da hukuma ta haramta. Shi ga mai wayo, ya wanke kwalba ɗaya, ya ɗura man matarsa, ya kai gwaji don neman lasisi.

Bayan mako biyu wata jami'ar hukumar ta miƙo masa takarda: babu lasisi, gubar ta ninka ƙa'ida sau goma.

Ya shigo gida yana huci. "Ke, man nan naki daga ina?"

Ko ɗagowa daga madubi ba ta yi ba. "Daga kwalayenka na sito mana, Maigida. Ba kai kake talla babu irinsa ba? Wata shida ke nan, har 'yarmu nake shafa wa."