Janaral ɗin Koriya da Gonar Tajaye

Sai da laimar ruwan shuka ta bushe sannan wani manomi ya dawo garinsu Tajaye. Sayen iri ya kai shi Konni, gidan bidiyo ya riƙe shi da kaset bayan kaset na wani janaral ɗin Koriya mai takobi.

Matarsa na tankaɗe, yana ta zuba: "Namiji ke nan. Maƙiya dubu, amma ko taku ɗaya na ƙasar kakanninsa bai bar musu ba."

Sai ta ce ya biyo ta bayan gari. Gonakin maƙwabta duk hatsi ya tsiro. Tasu kuwa fili fetal, jakuna na birgima a tsakiya.

"Ga ƙasar kakanninka nan, janaral," in ji ta. "Ga kuma waɗanda sunka ci ta da yaƙi."