Tsere Kan Inuwar Bishiya

"Wanda ya riga kai ƙarshen tseren nan, inuwar bishiyar tasa ce. Ɗayan ya kwashe teburinsa ya koma rana," in ji Mahauci.

Tela ya ce, "Na yarda. Da wannan tumbin naka, tudun farko ma sai an tura ka."

"Za mu gani, tsinken sakace."

Ranar gudun fanfalaki iska ta ɗauke, gumi har cikin ido. A tudu na biyu Mahauci ya sulale lungu, inda ya shirya da ɗan acaɓa zai ɗauke shi a ɓoye. Babur ya iso, ga Tela a kai yana haki.

"Ɓarawo!" in ji Mahauci.

Tela ya ce, "Kai aski ka zo yi a lungun?"

Ɗan acaɓa ya ce, "Baba, ku biyun kuka neme ni. Hau ko in tafi."

Mahauci ya hau, suna zungurin juna. Maimakon ɗan acaɓa ya sauke su a ɓoye a bayan kasuwa, sai ya zarce da su gaban alƙalan tsere yana danna ham. Jama'a suka yi musu ihu.

Kunya ta kulle su a gida. Da suka fito, babura ne jere a gindin bishiyar.

Ɗan acaɓa ya samu tasha. Mahauci da Tela suna can rana, kafaɗa da kafaɗa.