Maraƙin Kogin Wudil

Wani tsoho na zaune a ciki. Daga bakin zaure 'yarsa ta tsaya, da takunkumi a fuska, ta ce amininsa ya rasu, kuma dokar kulle ta hana shi zuwa jana'iza.

Tsohon ya bugi ƙirji. "Ni da cutar agana ta kasa, yunwa ta kasa, wace ce korona?"

"Baba, ka dai zauna a gida." Ta ajiye tuwo ta tafi.

Ya juya yana ba bango labarin shekarar da ya ƙetare kogin Wudil da maraƙi a kafaɗa. Ya dakata daidai inda marigayin ya shekara sittin yana katse shi.

Can ya ari muryar aminin nasa, a hankali: "Ƙarya kake, ɗan akuya ne."