Direban da Tayarsa Ke Cinyewa ta Gefe Ɗaya

Kafin ka ɗora wa mutumin nan laifi, ɗan'uwa, bari in ba ka misalin wani direba. Yana da tsohuwar motar kaya, yana jigilar albasa da tattasai daga ƙauyukan fadama zuwa kasuwar birni. A bakin tasha akwai mai sayar da taya, abokinsa tun ƙuruciya. A wurinsa yake saye, a bencinsa yake hutawa in ya sauke kaya. Wata damina motar ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ya sauka ya duba, bai ga abin da ya karye ba, ya wuce. Tun daga ranar nan sitiyari ya fara ja zuwa dama. Ya riƙa tare shi da hannu har hannun ya saba, ya daina jin ana jansa. In ya hau gargada ya ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, sai ya ce ai tsufa ne. Ba a jima ba tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya har wayoyinta suka leƙo, ɗaya gefen kuwa zanensa na nan kamar sabo. Ya sayi wata, ita ma haka. Da ya ga an sake, sai ya ciro ta, ya gangara da ita har ƙofar shagon, a gaban direbobin tasha ya kira abokinsa maha'inci mai sayar da ruɓaɓɓen kaya. Abokin ya dube shi ya ce, "Ka kai motar a duba ƙasanta." Direba ya ɗauka kame-kame yake yi.

Ya koma saye a wani shago, tayar can ma ta cinye ta gefen nan dai. Sai da motar ta kusa ƙwace masa a gangaren gada, cike da kaya ga mutane a kai, sannan ya kai ta gareji. Bakanike ya ɗaga ta da jak, ya kama tayar ya girgiza, ta yi rawa kamar haƙorin da ke shirin fita. Ashe ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya ne ya lanƙwashe tun ranar ramin, kansa kuma ya cinye, tayar ta karkace tana gogar kwalta kamar wuƙa a kan dutsen washi. Kafin la'asar an sauya ƙarfen, an saita ƙafafun, mota ta miƙe sambal. Direba ya tafi shagon abokinsa neman gafara, ya tarar da wani mai shayi a wurin. Ashe maganar da direban ya yi ta zaga tasha, masu saye sun janye, abokin ya kwashe kayansa ya koma wani gari. Direba ya daɗe tsaye a wurin, mota lafiya lau a bayansa.

To, ka duba ƙasan al'amarinka tukuna. Hausawa suka ce, a bar jaki a daki taiki ba ya sa tafiya ta yi sauri, kuma wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.